Me ya sa 2,147,483,647 ta fita daban?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kake yawan cin karo da 2,147,483,647 a harkar kwamfuta. Jera 2 sau 31, ka ninka su, ka cire ɗaya, ita za ka samu. Abin da ya fi burge ni, duk girman nan nata ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da haka a 1772, tun babu kwamfuta. A tsarin bit 32 kuwa, wato inda kwamfuta ke ajiye lamba a gurabe 32 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1, gurbi ɗaya na alamar ƙari ko ragi ne, saura 31, shi ya sa ƙidaya ke tsayawa a kanta. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa da wannan tsari tun 1970 za su kai ta ranar 19 ga Janairu, 2038.