Na fi kowa cin ƙwallo, me ya sa koci yake ajiye ni a benci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ni matashi ne ɗan shekara 19, ina buga lamba tara a wani kulob na unguwa a nan cikin garin Katsina. A gasar da muka buga bara ni ne na fi kowa cin ƙwallo a ƙungiyarmu, amma tun da aka shiga bana mai horar da mu yake fara wasa da wani yaro wanda ko rabin abin da na ci bai ci ba, ni kuwa sai an dawo daga hutun rabin lokaci ake sa ni. Da aka zo zaɓen kyaftin ma, wani ɗan baya abokan wasana suka zaɓa. Da me ake auna ɗan wasa in ba da ƙwallon da ya ci ba? Ko dai son kai ne? Daga wani mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayarka, domin yawancin yaran da abin nan ya dama ba sa tambaya, fushi suke yi su daina zuwa atisaye. Cin ƙwallo baiwa ce mai tsada, kuma babu mai horarwar da ya san aikinsa da zai raina ta. Amma ka yi wannan lissafin tare da ni. Wasa minti 90 ne, mutum 22 ne a fili, ƙwallo kuwa ɗaya ce, ga lokacin da take fita waje da lokacin da alƙalin wasa yake tsayar da wasa. Idan aka haɗa duk lokacin da ƙwallo ta zauna a ƙafarka, da wuya ya kai minti uku. 'Yan kallo waɗannan mintuna ukun suke gani, da su kuma suke yi maka kirari. Koci kuwa sauran mintuna tamanin da wani abu yake kallo, lokacin da kake zaton babu idon da ke kanka.

Abu na farko da nake dubawa a wurin lamba tara shi ne daƙiƙoƙin nan kaɗan da ke biyo bayan ƙwace ƙwallo daga ƙafarsa. Wani yaro zai tsaya cak, ya ɗaga hannuwa sama yana neman alƙali ya busa, ko ya juya yana yi wa wanda ya ba shi fasin tsawa. Wani kuwa kafin ƙurar da ta tashi ta kwanta ya riga ya bi ɗan bayan da ya karɓe ta, kuma ba bin banza ba: yana lanƙwasa gudunsa yadda zai toshe hanyar fasin zuwa ga ɗan tsakiyarsu, har ya tilasta masa dokawa sama babu shiri. Ba a rubuta wannan a ko'ina, amma shi ne yake ba 'yan bayanmu damar numfasawa su koma mazauninsu. Haka nan nakan duba ko yana yin gudun da ya san ba shi za a ba ƙwallo ba, don kawai ya janye mai tsaron baya ya buɗe wa ɗan gefe hanya, da ko yana iya riƙe ƙwallo ya ba raga baya har 'yan tsakiya su iso, da ko yana hanzarin fitowa daga satar gida ko takawa yake yi a hankali kamar mai dawowa daga kasuwa. Ina kyautata zaton a irin waɗannan wurare ne yaron da aka fifita a kanka ya sha gabanka.

Ita kanta ƙwallon da aka ci, koci ba ya ƙirga ta yadda 'yan kallo suke ƙirgawa. Yana tambayar kansa dama nawa ka samu kafin ka ci ɗaya, da wa kuka kara ranar, kuma nawa da nawa ake lokacin da ka ci, domin ta huɗu a ragar ƙungiyar da ta riga ta sare ba daidai take da ta farkewa ana saura minti biyar a tashi ba. Manyan kulob na Turai suna da masu lissafi da suke auna kowane bugu gwargwadon nisansa da kusurwarsa, su fitar da yawan ƙwallon da ya kamata a ce ɗan wasa ya ci, sannan 'yan wasansu suna saka wata 'yar riga mai na'ura a tsakanin kafaɗu wadda take ƙirga gudunsu, wanda yawanci yakan kama daga kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya. Mu a nan littafi da biro muke da su, kuma suna isa. Ko gwajin Yo-Yo da masanin nan ɗan Denmak, Jens Bangsbo, ya ƙirƙiro, dutse biyu da wayar hannu kawai yake bukata: a yi gudun mita 20 a dawo, a huta daƙiƙa 10, a sake, sauri yana ƙaruwa har mutum ya kasa. Abin da yake nunawa shi ne yadda jiki yake farfaɗowa tsakanin gudu da gudu, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙwallon ƙafa take nema.

Sai maganar juriya, wadda ni a wurina ita ce kan gaba. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da komai yake tafiya daidai kowa gwani ne, saboda haka koci yakan jira ranar da ka ɓarar da fenareti, ya ga ko za ka ci gaba da neman a ba ka ƙwallo ko za ka ɓuya a bayan mai tsaronka har a tashi. Ka dubi Victor Osimhen. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya gama zamansa can bai ci ko ɗaya ba, har aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018. Yaron nan ne a 2023 ya ci 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Kuma ka sani, bencin da kake zaune a kai shi ma jarrabawa ne. Koci yana lura da yadda kake motsa jiki idan an ce ka shirya, da ko kana tashi ka yi murna idan wanda ya karɓi wurinka ya ci.

Game da kyaftin, kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Abokan wasa suna da ma'aunin da koci ma ba shi da shi, domin su ne suke biyan bashin gudun da wani bai yi ba. Ɗan tsakiyar da numfashinsa ya ƙare saboda yana toshe wurin mutum biyu ya san sarai wanda ya bar masa aikin. Sun san wanda yake fara isowa fili da yamma ya taya ɗaura raga, da wanda idan ƙaramin yaro ya yi kuskure zai dafa kafaɗarsa maimakon ya kunyata shi, da wanda yake shiga tsakani idan rigima ta taso kafin a ba wani jan kati. A Ingila 'yan wasa da kansu suke zaɓen gwarzonsu na shekara, kuma a 2017 ɗan wasan tsakiya N'Golo Kante suka zaɓa, alhali ƙwallo ɗaya tak ya ci wa Chelsea a gasar Firimiya a wannan kakar. Waɗanda suka kara da shi sun san abin da ya hana su yi.

Ba zan ce maka babu son kai a harkar nan ba. Akwai shi, akwai ɗan wane da ake sawa don kunyar mahaifinsa, kuma mu masu horarwa muna kuskure ko da zuciyarmu ɗaya. Ni kaina na taɓa ajiye wani yaro makonni ina ganin lalaci ne yake hana shi komowa baya, sai daga baya abokan wasansa suka gaya mini daga wurin aikin bulo yake wucewa fili kai tsaye, wani lokaci bai ci komai ba tun safe. Har yau abin yana damuna, domin tambaya ɗaya da na yi masa da ta wadatar. Amma ajiye mai suna ba kullum yake zama zalunci ba. Lokacin da kocin Najeriya na wancan lokaci, marigayi Stephen Keshi, ya bar fitaccen ɗan gaba Peter Odemwingie a gida ya tafi gasar cin kofin Afirka ta 2013 da 'yan wasan cikin gida shida, an yi masa ca, sai ga ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, ya kuma ci wadda ta ba Najeriya kofin a kan Burkina Faso. Abin da Keshi ya gani a sansanin atisaye, mu da muke gida ba mu gani ba.

Hanyar da za ka bambance son kai da hukuncin gaskiya mai sauƙi ce. Ka sami kocinka shi kaɗai bayan an tashi atisaye, ba a gaban yara ba, ka gaishe shi da ladabi, kada ka ambaci sunan yaron da ake sawa, ka ce masa: "Koci, wane abu biyu zan gyara in koma cikin masu fara wasa?" Idan ya ba ka amsa mai kamawa, kamar ya ce ba ka bin ƙwallo idan ta ƙwace ko kana gajiya bayan minti 60, to da ma'auni yake aiki, sai ka nemi wani amininka ya zauna a bakin fili da takarda a wasanni uku masu zuwa, ya riƙa yi maka alama duk lokacin da aka karɓe ƙwallo a wurinka, ya rubuta ko ka bi ko ka tsaya. Idan kuwa ka gyara abin da ya faɗa, wata biyu suka wuce bai ko dube ka ba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wani kulob, domin Katsina ba ta rasa filaye da masu horarwa.