Bishiyar Tulip a Ƙofar Gida: A Saya ko a Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara muka sayi gida a wajen garin Columbus, jihar Ohio ta Amurka. A watan Mayu na tsinci wani fure a gindin wata doguwar bishiya, kamar ƙaramin kofin shayi, kore-kore da ruwan ɗorawa, ƙasansa kuma ruwan lemo. An ce mini sunanta tulip poplar. A wurin masu sayar da dashe na ga ƙarama a tukunya, da babba wadda aka naɗe saiwarta da buhu. Wacce zan saya? Filin gaban gidanmu mota biyu ke cika shi. Maigida ya ce zaɓi nawa ne.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda maigida ya sakar miki ragama, bari in fara da abin da mai sayarwa ba lallai ya gaya miki ba. Wannan bishiya ba ta saurin fure. Yawanci sai ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara, wato jaririn da kike goyo yau zai iya gama sakandare kafin ki ga kofin farko. In ta fara kuma, a can ƙololuwa take yi, cikin ganye. Ai kin ga ke ma a ƙasa kika tsinci naki. Masu jin daɗin furenta sosai su ne masu kallo ta tagar bene, sai ƙudan zuma, waɗanda ke yin zuma mai duhu da ruwansa.

Sai maganar girma. A daji tana cikin mafi tsawon itatuwan gabashin Amurka; a tsaunukan Great Smoky an auna wadda ta haura mita 55. A gida ma ba wuya ta kai mita 25, ga faɗin rassa. Jihohin Indiyana, Kentaki da Tenesi duk sun ɗauke ta a matsayin bishiyar jiha, kuma George Washington, shugaban Amurka na farko, ya dasa wasu a gidansa na Mount Vernon a 1785. To amma shi gona ce da shi, ke kuwa wurin mota biyu.

Motar ma abin dubawa ce. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganyenta, suna zubo wani ruwa mai danƙo kamar an yayyafa sikari. Ki ajiye mota a ƙarƙashinta a watan Yuli, da safe ki shafa gilashi, yatsa zai manne, daga baya kuma wurin ya yi baƙi-baƙi. Rassanta ma ba su da ƙwari sosai, iska mai ƙarfi ko nauyin ƙanƙara na iya karya su, kuma ba a son hakan kusa da rufin kwano ko wayar lantarki.

Saboda haka ni dai ba zan sa ta a ƙofar gida ba. In akwai fili a baya, inda rana ke duka sosai, ƙasa mai zurfi da danshi amma ruwa ba ya kwanciya, to bismillah, nesa da gini. Ki tambayi irin da ake kira Arnold, wanda ke miƙewa siriri, ko Little Volunteer da ba ya girma kamar uwar.

Tsakanin biyun da kika gani, ki ɗauki ƙaramar. Saiwarta taushi ne da ita, tana saurin karyewa, babbar da aka tono takan daɗe tana jinya. Ƙaramar kuwa in ta kama, tana saurin girma, ga sauƙin kuɗi. Ki dasa a farkon bazara bayan sanyi ya wuce, kada ki bari sai kaka. Shekara biyun farko kada ki yi mata rowar ruwa. In kin ga ganye na yin rawaya yana zuba a tsakiyar zafi, ƙishirwa take ji.

Tambaya: Malam, daga Kano nake. Na ga ana sayar da irinta a intanet. Za ta yi a nan?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Irin nan sai ya sha watanni cikin sanyi kafin ya tsiro, kuma ko a can ƙasarsa kaɗan ne ke fitowa. Bishiyar kanta tana buƙatar hunturu na gaske, ta zubar da ganye ta huta. Sanyinmu na Disamba bai kai ba, zafin Afrilu kuma zai ƙarasa ta. Ka kuma lura da suna, domin akwai wata da ake kira tulip ta Afirka, mai jan fure kamar garwashi, asalinta dazuzzukan nahiyarmu masu ruwa. Ba danginsu ɗaya ba. Ita ce ke jure zafi, amma tana son ruwa, don haka ka fara duba rijiyarka kafin ka je wurin masu dashe.