Amsa: yadda za a fito da ilimin al'adu daga aji

Malam, ka tambaya yadda za ka kai darasin nazarin al'adun ɗan Adam ga mutanen da ba su taɓa zama a jami'a ba. Shawarata, kar ka fara da lacca. A nan Damagaram ajin yana kan titi.

Ka ɗauki ɗalibanka ku shiga majema. Su tsaya su ga yadda ake jiƙa fata da toka, a kankare gashi, a sa bagaruwa, sannan su tambayi majemin wa ya koya masa, wa yake aura, wa yake sayen fatar. A nan za su ga gado da aure da ciniki a ɗaure wuri guda, warin ma darasi ne. Haka hawan ƙaho na mahauta lokacin Salla, da zanen bangon gidajen unguwannin Birni da Zango.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne mayar wa mutane abinsu. Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar fim kan al'adu, ya yi haka a garin Ayorou da ke bakin kogin Neja a shekarun 1950: ya nuna wa masu farautar dorina fim ɗin da ya ɗauka, suka ce ya cire kiɗan da ya saka, don dorina na ji, za ta gudu. Ya cire. Kai ma ka ɗauki fim da wayar salula, ka haska da dare a unguwar, ka bar dattawa su gyara ka.

In shirin rediyo za ka yi kuwa, da Hausa za ka yi, ba da Faransanci ba. Kafin duk wannan, ka nemi izinin mai unguwa tukuna.