Jikina ne ya saba da maganin maleriya, ko maganin ne ya daina ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna yara kulorokwin ake ba mu idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mu, kuma mu warke sarai. Yanzu an ce ya daina aiki, har na ji cewa sababbin magungunan ma sun fara gazawa a wasu ƙasashe. Jikinmu ne ya saba da magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ba jikinki ne ya saba ba, ƙwayar cutar ce ta sauya, musamman nau'in Plasmodium falciparum wanda ya fi kisa.

Mutum ɗaya da zazzaɓi ya kwantar yana iya ɗaukar biliyoyin ƙwayoyin nan a jininsa. Kusan duk awa 48 kowace tana fasa jan ƙwayar jinin da ta shiga, ta fito da 'ya'ya 16 zuwa 32, kuma duk haihuwa sai an kwafi rubutun gadonta mai haruffa kusan miliyan 23. Kwafi mai yawa haka ba ya rasa kuskure. Galibin kurakuran ba su tsinana wa ƙwayar komai, wasu ma kashe ta suke yi, amma jefi-jefi sai a dace da wanda ke kare ta daga magani. Nan magani ke zama rariya: ya kashe masu rauni, ya bar mai taurin kan ita kaɗai a fili. Sauro ya tsotse ta, a cikinsa maza da matan ƙwayar su haɗu su cakuɗa gado, ya kai wa wani.

Haka kulorokwin ya faɗi. Ƙwayar tana cin sinadarin da ke cikin jan jini, sai ya bar mata wata guba da dole ta dunƙule ta ajiye gefe. Kulorokwin hana wannan dunƙulewar yake yi, gubar ta halaka ta. Da aka sami sauyi a ƙwayar gadon da ake kira pfcrt, sai ta samu hanyar fitar da maganin waje kafin ya yi aikinsa. An fara ganin haka a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ya iso Gabashin Afirka a 1978. Fansidar da ya gaje shi bai daɗe ba ya bi sahu.

Labarin Malawi na ba ni sha'awa ƙwarai. Sun janye kulorokwin a 1993, kuma cikin kusan shekara goma masu taurin kan suka ɓace, domin idan babu magani masu gadon asali sun fi su saurin yaɗuwa. Wannan ba izini ba ne a koma shan sa da ka, don da zarar an koma, rariyar ta dawo.

Yanzu kuma atemisinin, wato babban sinadarin da ke cikin sababbin magungunan maleriya. An lura ya rage saurin kashe ƙwayar a yammacin Kambodiya wajen 2008, a 2014 aka gano sauyin a ƙwayar gadon kelch13. Abin da ke damuna shi ne irin wannan sauyi ya ɓulla a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya, kuma ba daga Asiya aka kawo shi ba, a Afirka ya tsiro da kansa. Duk da haka kada ki firgita. Wannan sauyin jinkirin share ƙwayar yake jawowa, shi ya sa ake haɗa atemisinin da magani na biyu, kamar lumefantirin, wanda ke daɗewa a jini ya ƙarasa ragowar. Haɗarin shi ne abokin haɗin ma ya gaza, kamar yadda ya faru da fiferakwin a Kambodiya.

Don haka a yi gwajin jini kafin shan magani. In an ba ki atemita (wani nau'in atemisinin) da lumefantirin, ki shanye duk sau shida cikin kwana uku ko da kin ji sauƙi tun rana ta biyu, ki haɗa da abinci mai ɗan maiƙo don jiki ya fi tsotse shi. In zazzaɓin bai sauka ba bayan kin gama, ki koma asibiti a sake gwaji, domin yana iya zama jabun magani aka sayar miki, ko kuma wata cutar ce daban ba maleriya ba.