Nina Simone: Makaɗiyar Fiyano Da Waƙa Ta Zo Mata Daga Baya

Tambaya: Malam, na ji wata waƙar Nina Simone a rediyo, muryarta mai kauri ta ratsa ni ƙwarai. Da na nemi bayani a kanta sai na ga wasu suna kiranta mawaƙiyar jaz, wasu kuma suna cewa ita makaɗiyar fiyano ce wadda ta yi karatun kiɗan Turawa na gargajiya. Wanne ne gaskiya, kuma ta yaya ta zama mai tsara waƙoƙin gwagwarmayar baƙaƙen fata?

Amsa: 'Yar'uwa, magana ta biyu ita ta fi kusa da gaskiya, kuma ita kanta ba ta son a kira ta mawaƙiyar jaz, domin tana ganin suna ne da ake liƙa wa duk baƙar fatan da ya zauna gaban fiyano ba tare da an saurari abin da yatsunsa suke yi ba. A ganina, wanda yake son ya fahimci wannan baiwar Allah sai ya fara daga hannuwanta kafin ya zo ga muryarta, saboda fiyano ta koya tun tana ƙarama, waƙa kuwa neman abinci ne ya sa ta a ciki, tsara waƙar gwagwarmaya kuma baƙin ciki ne ya haifar da shi.

Sunanta na yanka Eunice Kathleen Waymon, an haife ta ranar 21 ga Fabrairun 1933 a Tryon, wani ƙaramin gari a jihar North Carolina ta Amurka, ita ce ta shida cikin 'ya'ya takwas. Mahaifiyarta mai wa'azi ce a cocin Methodist, tana kuma aikatau a gidajen Turawa. Eunice ta fara taɓa fiyano tana da shekara uku zuwa huɗu, kuma ba a daɗe ba ta zama mai kaɗa wa jama'a a coci. Wannan ita ce makarantarta ta farko, kuma bai kamata a raina ta ba: a irin waɗannan taruka makaɗi ba ya bin takarda, yana bin mai wa'azi da jama'a ne, ya ɗaga kiɗa idan zukata sun motsa, ya sassauta idan an natsu. A nan ta koyi riƙe taro, abin da ta shahara da shi har ƙarshen rayuwarta.

Makaranta ta biyu ita ce gidan wata Baturiyar Ingila mai suna Muriel Mazzanovich, wadda ta koya mata kiɗan Johann Sebastian Bach da sauran magabatan kiɗan Turai. Mutanen garin, baƙaƙe da farare, sun kafa asusu don biyan kuɗin karatunta. Abin da ya bambanta salon Bach shi ne, hannun dama yana ɗauke da nasa karin, hannun hagu ma da nasa, kowanne yana tafiya da kansa, suna kora juna suna amsa wa juna, amma ba sa karo. Wannan tarbiyya ta zauna a yatsunta daram. A wannan zamanin ne kuma, ba ta wuce shekara 12 ba, ta yi wasa a gaban jama'ar garin, aka tashi iyayenta daga sahun gaba don a ba wasu Turawa wuri, ita kuwa ta ƙi taɓa fiyano sai da aka mayar da su mazauninsu.

Burinta shi ne ta zama ƙwararriyar makaɗiyar fiyano ta manyan zaurukan kiɗan gargajiyar Turai, fagen da kusan babu baƙar mace a cikinsa a lokacin. A 1950 ta yi ɗan karatu a makarantar Juilliard da ke New York, sannan ta nemi shiga makarantar Curtis ta Philadelphia, inda karatu kyauta ne, aka ƙi ɗaukarta a 1951. Har ta bar duniya tana da yaƙinin cewa launin fatarta ne dalili. Adalci ya sa a faɗi cewa malaminta Vladimir Sokoloff, wanda yake koyarwa a can, ya musanta haka, kuma makarantar ta riga ta yaye wani baƙar fata, George Walker, a 1945. Amma ko mene ne dalilin, raunin da abin ya yi mata na gaske ne, kuma shi ya karkatar da rayuwarta gaba ɗaya.

A 1954 ta sami aikin kaɗa fiyano a wata mashaya a Atlantic City. Mai wurin ya ce mata in tana son aikin dole ta haɗa da waƙa, ita da ba ta taɓa ɗaukar kanta mawaƙiya ba. Don kada mahaifiyarta ta ji labarin tana kiɗa a gidan giya, sai ta sake suna: Nina daga kalmar Sifaniyanci mai nufin yarinya, Simone kuma daga sunan 'yar wasan Faransa Simone Signoret. A waɗannan dararen ne salonta ya ƙullu, domin takan ɗauki waƙar da kowa ya sani ta shigar mata da tsarin Bach a tsakiya. Faifanta na farko, "Little Girl Blue", ya fito a 1959, kuma a cikinsa waƙar "I Loves You, Porgy" ta shiga jerin ashirin na farko a kasuwar Amurka. Ta sayar da haƙƙin faifan a kan dala 3,000 kacal, kuskuren da ya sa ta yi asarar dukiya mai yawa daga baya.

Nan ne za a gyara wata fahimta. Yawancin waƙoƙin da ta rera ba ita ta rubuta su ba. Gwanintarta ita ce ta ɗauki waƙar wani ta sake mata gini, ta sauya mata sauri da amo, har ta zama kamar tata. Rubuta waƙa da gaske ya zo ne bayan ta ƙulla abota da marubuta baƙaƙen fata irin su Langston Hughes, wanda suka zo Legas tare a Disambar 1961 don wani bikin al'adu, da James Baldwin, da musamman Lorraine Hansberry, wadda ta riƙa nusar da ita cewa mai fasaha ba ya tsayawa gefe alhali ana zaluntar mutanensa.

Sai shekarar 1963 ta zo. A watan Yuni aka harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers a Mississippi, ranar 15 ga Satumba kuma aka tayar da bam a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka rasu. Cikin wannan ɓacin rai ta zauna ta tsara "Mississippi Goddam", wadda aka naɗa a zauren kiɗa na Carnegie da ke New York a 1964. Hikimar waƙar tana cikin saɓanin da ke tsakanin kiɗa da kalmomi: fiyano yana tsalle da sauri kamar na wasan nishaɗi, baitocin kuwa tsinuwa ce da ƙin yarda da masu cewa a yi haƙuri a bi a hankali. Wasu gidajen rediyo na kudancin Amurka sun ƙi sa ta, har aka riƙa mayar da fayafayan a karye. Ta rera ta ga masu tattakin neman 'yancin baƙaƙen fata daga garin Selma zuwa Montgomery a 1965. A 1966 ta fitar da "Four Women", wadda ni a wurina ita ce mafi ƙarfi cikin abin da ta rubuta: mata huɗu baƙaƙe, kowacce da launin fatarta da tarihin da bauta ta bar mata, suna gabatar da kansu ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan gajeren kari da fiyano yake maimaitawa ba ƙaƙƙautawa, har muryar ta fashe a kan ta huɗun. A 1969 ta haɗu da Weldon Irvine suka yi "To Be Young, Gifted and Black" don tunawa da Hansberry, wadda ta rasu a 1965 tana da shekara 34.

Bayan haka rayuwa ta yi mata nauyi. Aurenta da Andrew Stroud, wanda shi ne manajanta, ya mutu, ta bar Amurka ta zauna a Barbados, sannan a 1974 ta koma Laberiya bisa gayyatar ƙawarta Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, daga nan Suwizalan, Holan da Faransa. Ta yi fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin ƙunci, wadda aka daɗe ba a gano ba, kuma da yawa daga labaran zafin ranta ya kamata a karanta su da wannan a zuciya. A 1987 wani tallan turaren Chanel ya farfaɗo da tsohuwar waƙarta "My Baby Just Cares for Me" daga faifanta na farko, sababbin masu sauraro a Turai suka san ta. Ta rasu ranar 21 ga Afrilun 2003 a Carry-le-Rouet da ke kudancin Faransa, kwana biyu bayan makarantar Curtis ta ba ta digirin girmamawa.

Idan kina son ki ji abin da nake nufi da kunnenki, fara da "Love Me or Leave Me" a faifan farko, ki jira tsakiyar waƙar inda muryar take yin shiru, hannuwan biyu su shiga kora juna irin na Bach. Sannan ki saurari "Sinnerman" ta 1965, mai tsawon fiye da minti goma, tsohuwar waƙar ibada ce da ta sani tun a tarukan wa'azin mahaifiyarta. A can za ki ji ɗaya makarantar, ta cocin Tryon, har da wurin da take barin fiyano ta riƙe taron da tafi.