Kawu, ga dalilin da ya sa muke ɗaukar hoton bango ranar karɓar makulli

Kawu, barka da war haka, ya mutanen Gombe, ya damina? Na ji saƙonku kan yaron nan da ya zo karatu Manchester. Kun ce ya faɗa muku ni na sa shi ya wuni yana ɗaukar hoton bango da kafet ranar da ya karɓi makullin ɗaki, kuma kuna tambaya ko wannan ba zargin mai gida ba ne tun ba a zauna ba. Ni na sa shi, Kawu, kuma duk wani namu da ya daɗe a nan haka zai sa shi.

A Ingila ba a biyan hayar shekara a dunƙule kamar yadda aka saba a Tunfure ko Jekadafari, wata-wata ake biya. Amma kafin a shiga sai an ba da kuɗin ajiya, wanda dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar a gidajen da irinmu ke kamawa. Tun daga 2007 kuma mai gida ba ya da ikon riƙe kuɗin nan yadda ya ga dama. Dole ya yi musu rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, in ya ƙi kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku. Ranar tashi, in mai gida ya ce an ɓata masa kaya, ɗan haya ya ce a haka ya tarar, mai sasantawa na hukumar ne zai raba gardama. Bai san mai gida ba, bai san ɗan haya ba, ba ya zuwa gidan, ba ya sa kowa rantsuwa. Takarda da hoto kawai yake dubawa.

Shi ya sa ranar shiga ake ba mutum takardar bayanin gida, ɗaki bayan ɗaki: fenti, ƙofa, taga, labule, katifa, firji, tanda, har yawan makullai. Yawanci ana ba da mako guda a duba a gyara. A nan baƙo ke faɗawa rami, domin kunyarmu ta gida ba ta barinsa ya ce wa babba "a nan an rubuta kafet mai tsabta, ga tabo kuwa." Sai ya sa hannu, bayan shekara a cire masa fam ɗari biyu ko uku kan tabon da wani ya yi.

Don haka muka mayar da shi al'ada. In sabon zuwa zai karɓi makulli, wani tsohon hannu yana raka shi. Ana jawo gado a duba bayansa, domin can funfuna ke ɓuya saboda sanyi da danshin ƙasar nan. Ana buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a shafa katakon a ji ko ya kumbura. A kunna kowane famfo, a gwada ƙararrawar hayaƙi, a ɗauki lambar mitar wuta da ta gas. In an ga tsagewa a bango, a kara tsabar kuɗi a gefenta kafin a ɗauka don girmanta ya fito. Daga nan a tura wa dillali ta imel a ranar, don kwanan wata ya zauna.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda matanmu suka fi kowa sani. Banɗakin Bature ba a yi shi don buta ba. Ƙasansa sau da yawa katako ne aka lulluɓe da leda, babu magudana, ruwan alwala na tsiyaya a hankali har silin na ƙasa ya yi tabo. Manja in ya fantsama a farin bango ba ya fita. Turaren wuta yana shiga labule, garwashi ɗaya kuma ya isa ya huda kafet. In akwai tsohuwar ƙuna ba ka ɗauki hotonta ba, wa zai yarda ba kaskon uwargida ba ne? Tsufan kaya na yau da kullum, kamar dusashewar fenti, doka ba ta ɗora wa ɗan haya, amma ƙuna da huda nasa ne.

Abin da nake so ku duba, Kawu, takardar nan ta fi amfanar mai gida. Kuɗin ajiya na ɗan haya ne har sai mai gida ya kawo hujja, wanda bai rubuta komai ranar shiga ba kuwa da wuya ya ci nasara. Shi ya sa ba wanda ke jin an zarge shi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, tsakanin Musulmi da Musulmi.

Na san a gida mai unguwa da liman da surukai suna kashe rigima irin wannan, abin da mu a nan muka rasa. Amma sau nawa aka ɓata da ɗan haya a kan bashin wutar JED da wanda ya tashi ya bari, ko yoyon silin da bai bayyana ba sai a watan Agusta? Gidajenku na Tunfure, in sabon mutum zai shiga, ku sa yaro ya zaga da waya tare da shi: mita, tankin ruwa, kan famfo, soket, ragar taga, ƙofofin da gara ta soma ci. A rubuta a takarda biyu, ku sa hannu, ya sa, dillali ya shaida, kowa ya riƙe tasa. In kuna so zan turo muku irin takardar da muke amfani da ita, in cire gas da kafet in sa rijiya da janareta.

A gaishe da Inna da yara.