Amsa: Wane ɓangare zan yi wa inuwa a giraf?

Ƙanena na Samaru, ka ce ka zana y > 2x − 4 da x + y ≤ 5 amma ka rasa gefen da za ka yi wa inuwa. Gwada ɗigon (0, 0) a kowanne. Na farko ya ba ka 0 > −4, na biyu 0 ≤ 5, duk gaskiya ne, don haka amsarka ita ce filin da ke gefen (0, 0) na layukan biyu. Layin farko ya bi ta (0, −4) da (2, 0), ka ja shi tsinke-tsinke tunda babu alamar daidai. Na biyu ya bi ta (0, 5) da (5, 0), shi kuma ka ja shi ɗoɗar. Sun haɗu a (3, 2), amma wannan ɗigon ba ya cikin amsa domin yana kan tsinkakken layi.

Sai dai idan layi ya ratsa ta (0, 0) kansa, kamar y < 3x, gwajin ba zai nuna maka komai ba, sai ka ɗauki (1, 0). Kuma don Allah ka karanta tambayar da kyau, wani lokaci ɓangaren da ba a so ne ake cewa a yi wa inuwa, nan ɗalibai da yawa ke asarar maki a WAEC.